Megafiksel 108 a waya, amma dinya ta fito kamar ɗigon tawada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na je fadamar Dagona da wayata mai megafiksel 108 don ɗaukar tsuntsaye, amma da na dawo gida na buɗe hotunan, dinyar da na gani da idona ta koma ɗan baƙin ɗigo, in na jawo ta sai ta watse. Yanzu na tara kuɗi zan sayi kyamara ta hannu. Wani ya ce in nemi mai babbar sensa, wani ya ce mai yawan megafiksel. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don ku mutanen Bade Allah ya ajiye muku arziki a bakin ƙofa. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, wasu sai sun biya kuɗin jirgi kafin su gan su.

Mu fara da wayar. Sensa ita ce ɗan farantin da ke bayan gilashi, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Ta waya irin taka ba ta kai milimita 10 a faɗi ba, kuma a wannan ɗan fili aka cusa ɗigo miliyan 108. Kowane ɗigo ƙanƙane ne, hasken da yake samu kaɗan ne, shi ya sa irin waɗannan wayoyi sukan haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, su ba ka hoton megafiksel 12. Ga shi babban gilashinta na ɗaukar fili ne mai faɗi. Idan ka sa yatsu biyu ka jawo, yanke hoton kawai kake yi kana buɗa ɗan abin da ya rage.

A kyamarori kuwa, cikakkiyar sensa milimita 36 ce da 24. Mai bi mata, wadda ake kira APS-C, kusan 23.5 da 15.6 ce a Nikon da Sony, ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Babbar ta fi tara haske, wannan ba gardama. Amma mai ɗaukar tsuntsu abin da ya dame shi shi ne ɗigo nawa suka sauka a jikin tsuntsun, ba a kan ruwa da kaba da sararin sama ba.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wata safiya cikin sanyi na shiga kwalekwale a Nguru da kyamara mai cikakkiyar sensa, megafiksel 24, da gilashin milimita 300 (yawan milimitar gilashi shi ke nuna ƙarfin jawo nesa kusa). Wani zalɓe na tsaye a bakin kacalla, wuya a lanƙwashe, yana dakon kifi. Mai tuƙin ya ce in muka ƙara taku ɗaya zai tashi. Na ɗauka daga nan. Faɗin hoton ɗigo 6000 ne, zalɓen ya ci kamar kashi ɗaya cikin goma, wato ɗigo 600. Abokin tafiyata da ke zaune a bayana yana riƙe da APS-C mai megafiksel 24, gilashinmu tsawo ɗaya, amma nasa zalɓen ya samu ɗigo wajen 900. A nasa ana ganin siraran gashin da suka zubo a ƙirjin tsuntsun ɗaya bayan ɗaya, a nawa sun manne. Dalili shi ne ƙaramar sensa tana ɗaukar tsakiyar abin da gilashi ya kawo ne, ta zuba duk ɗigonta a wurin. In na yanke nawa ya yi daidai da nasa, megafiksel 10 da ɗoriya kawai ke rage mini.

Akwai manyan da suka haɗa biyun. Nikon D850 ta 2017 tana da megafiksel 45.7, ko an yanke ta zuwa girman APS-C ana samun 19 da wani abu, kusan daidai da Nikon D500, wadda APS-C ce mai 20.9. Sai dai kuɗinta da nauyin fayilolinta ba na mai farawa ba ne.

Inda babbar sensa ke nuna kanta shi ne da asuba da kuma gab da magariba. Tsuntsu mai tashi yana son ƙiftawar kyamara ta kai ɗaya bisa 1000 ko 2000 na daƙiƙa, kuma in haske ya yi ƙaranci dole ka ɗaga ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske, sai hoto ya fara yin yashi-yashi. Ƙaramar sensa ta fi saurin yin haka. Amma a ƙasarmu rana ba ta yi mana rowa, minti talatin bayan fitowarta wannan damuwa ta ragu sosai. Abin da ya fi cutar da mu shi ne hazo da kuma zafin da ke tashi daga ƙasa da hantsi, wanda ke sa iska rawa. Wannan ko megafiksel nawa gare ka ba ya gyaruwa, sai dai ka matsa kusa ko ka yi sammako.

Don haka shawarata, nemi APS-C ta hannu mai megafiksel 20 zuwa 24, irin Nikon D500 ko Canon 7D Mark II, duka biyun suna ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa. Kaso mafi tsoka na kuɗin ka zuba shi a gilashi, kada ya gaza milimita 400. Sigma da Tamron suna da 150 zuwa 600, Nikon na da 200 zuwa 500. Kafin ka biya, ɗauki farin bango ko sararin sama ka duba ko ƙura ta kwanta a kan sensar, ka kuma haska gilashin da tocila ka ga ko ya yi fumfuna a ciki. Ranar da za ka koma Dagona, sa tufafi masu duhu, ka zauna wuri ɗaya rana tana bayanka, ka jira kirinjijiya su sauko da kansu.