Tambayi Magini: Hajiya ta ce zanen gidana otal ne

TAMBAYA: Salam Injiniya, dan Allah shawara nake nema. Na samu fuloti ƙafa 50 da 75 a bayan gari nan Kano, na ba wani yaro ya zana min, sai ya kawo irin gidajen Abujan nan, dogon rufi, manyan windunan gilashi, falo biyu, komai a ƙarƙashin rufi ɗaya har kicin, ba soro ba tsakar gida. Uwargida ta ce ita fa shi take so, Hajiyata kuma da na nuna mata a waya cewa tayi wannan ai otal ne, ina za'a yi shanya, ina mata zasu zauna ranar suna. Na rasa bayan wa zan bi. Daga mai karatu, Kano.

AMSA: Wa'alaikassalam Malam. Toh Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ni dai bayanta nake, amma kar ka je ka faɗa wa uwargida haka kai tsaye mu samu matsala.

Gaskiya yawancin zanen nan da yara suke kwafowa daga intanet ba dan garin da zafi yake kai digiri 40 a watan Afrilu akayi su ba. Ka ɗauki bulo inci 6 mai rami, ka ɗora kwano, ka kafa ƙaton gilashi yana kallon yamma, wallahi tanda ka gina, daga la'asar bangon nan zai sha rana ya ƙoshi, da daddare kuma ya dinga amayo muku ita, in NEPA suka ɗauke wuta sai kaga maigida da iyalinsa sun kwaso katifa suna neman inda zasu shimfiɗa, wajen kuma an bi shi da intalok kaf shima turiri yake. Sau nawa na gani.

Mutanen da ba wai basu waye bane. Ka shiga Gidan Makama da tsakar rana ka tsaya a soro ɗaya, minti biyar kawai, zakaji bambanci a jikinka. Bangon tubali mai kauri ne, rufin azara da ƙasa, taga 'yar ƙarama can sama, zafi kafin ya ratso ciki rana tayi sanyi. Kuma ba tsohon yayi bane kaɗai, a Yamai an gama gidajen Niamey 2000 a 2016 da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, cikin waɗanda suka zana har da Mariam Kamara 'yar Nijar. Francis Kéré na Burkina Faso ma makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando da ƙasa yayi ta, ya ɗage kwanon sama yadda iska zata dinga wucewa tsakaninsa da silin, kuma mutumin nan shi ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022.

Ba cewa nayi ka koma yaɓe duk damina ba. Ka koma wajen yaron ka ce ya karya ginin ya zama kamar harafin L ko U, tsakiya a bar fili ko ƙafa 15 ne, a dasa bishiya ɗaya, ni na fi son mangwaro ko lemo akan darbejiya dan saiwarta bata da kirki kusa da fandisho. Falon baƙi ya samu ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, kaga ya zama soro kenan ko ba'a kira shi soro ba, abokanka su shigo su fita basu ratsa ta kan iyali ba. Manyan winduna su kalli arewa da kudu, bangon yamma a sa bulo inci 9 a jera banɗaki da sito a nan su tare ranar, kowane ɗaki kuma taga biyu a bango daban-daban. Kicin ya buɗe ta tsakar gida saboda ranar da za'a ɗora tukunyar biki. Dogon rufin nan kuwa rage shi, katako da kwanon da zai ci ya isa ya fara maka sola. Uwargida a bar mata tayil ɗinta da silin na zamani da kicin mai kabad, inaga abinda take so kenan dama.

TAMBAYA: Injiniya filin awon igiya na saya, takardar mai unguwa kawai gareni, zan iya fara gini?

AMSA: A'a Yallaɓai, dakata tukun. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Ka fara zuwa ma'aikatar ƙasa a duba ko wajen ba hanya bace ko magudanar ruwa ko filin makaranta, sannan ka kai zanenka KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, su sa hannu kafin ka sauke ko tifa ɗaya ta yashi. In dillali ya ce maka ai kowa haka ya gina a layin, ka ce ya biyo ka ofishin ya maimaita a gabansu.