Da gaske ruwan jiƙon wake na maganin ciwon suga?

Tambaya: Likita barka da aiki, daga Argungu nike. Babana na da ciwon suga, to an turo muna wata murya a WhatsApp wai Turawa sun gano wake na da sinadarin da ke hana suga hawa, wai a jiƙa ɗanye a sha ruwan da safe a bar ƙwayar asibiti. Don Allah mi ne gaskiyar wanga zance?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Zancen na da tushe, amma an yi masa gishiri, kuma ƙarin ne mai haɗarin.

In mutum ya ci tuwon shinkafa ba nan take yake zama suga ba, sai wasu sinadaran narkar da abinci sun farfasa shi, akwai amilas a miyau da cikin hanji, akwai gulukosidas a bangon ƙaramin hanji. Ka tauna burodi ka daɗe ba ka haɗiye ba za ka ji ya soma zaƙi, to aikin amilas ke nan. Duk abin da ya rage musu gudu, suga zai riƙa shiga jini a hankali maimakon ya yi tsalle bayan cin abinci, haka wata ƙwayar maganin suga mai suna acarbose ke aiki, shi ya sa masu shanta ke kukan kumburin ciki da yawan iska.

Waken da aka fi yin binciken a kansa farin waken Turawa ne mai siffar ƙoda, yana da wani furotin mai toshe amilas, asali ma kariyarsa ce daga ƙwari. Namu na gona wani iri ne daban, ai ka ga yadda ƙwaro ke rarake shi a buhu. Abin da aka gani a namu yawanci a ɗakin gwaji ne da jikin ɓeraye. Kuma shi wancan waken Turawan ɗanyensa guba ne, amai da gudawa yake sa wa, in an dafa kuma zafi ya kashe yawancin furotin ɗin, don haka a masana'anta ake tace shi, ba a kwano ba.

Amma fa dafaffen wake abinci ne mai kyau ga Baba, yana riƙe ciki kuma ba ya ɗaga suga da sauri. In za a yi garau-garau, wake ya rinjayi shinkafa, na san a Kebbi wannan magana ce mai nauyi. Alala da dafaffen ƙwaruru ba laifi. Ɗanwake ne ke yaudarar mutane, sunan wake amma garin rogo ko fulawa ya cika shi. Hulba ma dangin wake ce kuma tana ɗan sauke suga, sai dai in ya haɗa ta da magani a sanar da likitansa.

Kar ya bar ƙwayarsa ko allura saboda muryar WhatsApp. Ku sami na'urar gwaji ku auna awa 2 bayan ya ci, ana so sugan kar ya wuce 180 a ma'aunin mg/dL, in kuma ya sauka ƙasa da 70 yana gumi da rawar jiki a ba shi abu mai zaƙi nan take, sannan ku wuce asibiti.