Tallar giya tana ƙara sha, musamman ga matasa

Malam, ka tambaya ko tallar giya tana ƙara wa mutane sha, ko kuwa mashayi kawai take sauya wa kwalbar da zai saya. Wannan na biyun ita ce hujjar da kamfanonin giya suka daɗe suna kafawa, ni kam ban gamsu da ita ba.

Ga wanda ya riga ya saba, ƙila haka ne. Yara ne damuwata. Binciken da ya bi sawun matasa tsawon shekaru ya nuna waɗanda suka fi ganin tallar sun fi saurin fara sha, kuma in sun fara sun fi zurfafawa. Dubi yaro ɗan shekara 13 yana kallon gasar zakarun Turai: sunan giyar Heineken ya zagaye fili, ƙwallo ta shiga raga, ana ta ihu, tambarin yana bayan ɗan wasan. Ba wanda ya ce masa ya sha. An dai haɗa masa giya da murna a zuciya, mako bayan mako.

Shi ya sa Norway ta haramta tallar tun 1975, Faransa kuma ta kafa dokar Evin a 1991, ta hana ta a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. Kamfanonin ba su haƙura ba. A gasar Euro 2016 a Faransa, Carlsberg ta cire sunanta daga allunan fili, ta bar kalmomin kirarinta da koren launinta, masu kallo kuwa suka gane ko wace ce.