Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa saboda annoba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Sheffield, sai abokan karatuna suka ce mu je wani ƙauye wai shi Eyam ranar Asabar, suna kiransa "ƙauyen annoba". Mene ne tarihinsa, kuma me zan gani idan na je?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki je, tafiyar ba za ta faɗi ƙasa banza ba. Amma ki fara gyara sunan a bakinki: mutanen wurin "Iim" suke cewa, ba "Iyam" ba. Ƙauyen yana gundumar Derbyshire, cikin tsaunukan Peak District, ba nisa daga inda kike, kuma mazaunansa ba su wuce dubu guda da 'yan kai ba. A da haƙar dalma ce sana'arsu.

Labarin ya faro ne a 1665, shekarar da annoba ke cin Landan. An aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ya tarar da danshi, ya shanya a bakin murhu. Ashe akwai ƙuma a ciki, mai ɗauke da cutar. A watan Satumba aka binne shi, daga nan mutuwa ta shiga bin gida gida.

Da sanyi ya shigo abin ya lafa, da zafin 1666 ya kawo jiki sai ya dawo da ƙarfinsa. A nan ne limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, ya haɗa kai da Thomas Stanley, wanda aka tuɓe daga wannan kujerar a baya saboda saɓanin aƙida. Ki duba fa, mutum biyu da ba sa ga-maciji a kan addini, su ne suka shawo kan jama'a cewa babu shiga babu fita. Aka rufe coci, ibada ta koma fili a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane gida kuma ya binne mamacinsa da kansa. Duk Musulmin da ya ji wannan zai tuna hadisin da ya ce idan annoba ta faɗa wa gari kada a shige shi, wanda ke ciki kuma kada ya fita.

To ci fa? Hakimin Devonshire da ke Chatsworth da maƙwabtan ƙauyuka su ne ke kawo abinci su ajiye a bakin iyaka. Har yau dutsen iyakar yana nan a hanyar Stoney Middleton, da 'yan ramuka a kansa kamar gurbin dara. Cikinsu mutanen ƙauyen ke zuba ruwan khal su jefa kuɗin abincin, a ganinsu tsamin zai kashe cutar. Ki sa yatsa a ramin ki ji. Rijiyar Mompesson da ke ɗaya gefen ita ma aikin da ta yi ke nan.

Cikin wata 14 mutum wajen 260 suka rasu. Ni dai wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne kaburburan Riley, can bayan gari a tsakiyar wata makiyaya, an zagaye su da gajeren bangon dutse. A watan Agustan 1666 Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Ita ta rayu. Matar limamin, Catherine Mompesson, ita ma a watan ta rasu, kabarinta yana harabar cocin St Lawrence.

Sai dai kada ki ɗauki labarin yadda masu yawon buɗe ido ke son jin sa. Wasu masu hali sun fice kafin a kulle, shi kansa Mompesson ya aika 'ya'yansa waje. Talaka kuwa ko ya gudu, wa zai buɗe masa ƙofa? Wannan bai rage jaruntar waɗanda suka zauna ba a wurina, amma gaskiya ce.

Ƙauyen ya girmi annobar nesa ba kusa ba. A harabar cocin akwai gicciyen dutse mai zane tun zamanin Angulo-Sakson, mutanen Ingila na da, ya haura shekara 1,000. Kusa da shi ga gidajen da cutar ta fara ɓulla, da allunan sunayen mamata a gabansu. Mutane na zaune a ciki, don haka a yi kallo daga titi. Ga gidan Eyam Hall na iyalin Wright da aka gina 'yan shekaru bayan annobar, a gabansa kuma akwai turu, irin wanda ake saka ƙafar mai laifi a bainar jama'a. Akwai kuma ƙaramin gidan tarihi, daga nan ya kamata ku fara.

Idan kina gari a Lahadin ƙarshe ta Agusta, ranar ake taron tunawa a Cucklett Delf. Ki sa takalmi mai ƙwari da rigar ruwa, don hanyar kaburburan Riley akwai hawa, kuma taɓo ba ya rabuwa da ita.