Filin Tambaya da Amsa: Malaman da aka kai Amurka a ɗaure, da raƙuman Teksas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah wata gardama ce ta haɗa ni da abokina, shi yana cewa wai duk bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa Amurka jahilai ne ba wanda ya san ko alif, ni kuma na taɓa jin cewa har da malamai a cikinsu amma na kasa kawo mishi hujja ko ɗaya, sai dariya yake min. A raba mana gardama. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, to ka je ka ce wa abokin naka ya sauke dariyar nan, kai ne da gaskiya. Matsalar dai ita ce labaran nan ba a manyan birane suka faru ba, a lunguna ne, irin wuraren da ko Ba'amurken kansa in ka tambaye shi sai ya ce ina ne haka.

Bara in fara da tsibirin Sapelo a gaɓar jihar Jojiya, wajen da har gobe ba gada, sai dai ka hau jirgin ruwa. A can aka yi wani bawa sunanshi Bilali Muhammad, mutumin Timbo ne a Futa Jalon, ƙasar Gini ta yanzu, sai da aka bi da shi ta tsibiran Bahamas kafin ya faɗo hannun wani mai gandu Thomas Spalding, wanda ya ɗora shi a kan sauran bayin gandun saboda ya ga mutumin yana da kai. Bilali ya bar rubutu da hannunshi, shafi 13 da Larabci, kuma Turawa sun daɗe suna ɗauka labarin rayuwarshi ne ya rubuta tunda ba mai iya karantawa. To ga inda abun ya ba ni sha'awa, a ƙarshen shekarun 1930 wani masanin harsuna Joseph Greenberg ya je bincike Kano, ya tafi da kwafin rubutun ya nuna wa malamai, da farko wasu suka ce wannan ai rubutun aljanu ne saboda yanda haruffan suka cakuɗe, amma da aka zauna aka bi shi a tsanake sai ga shi zancen alwala ne da kiran salla da tauhidi, irin abun da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da duk almajirin da ya yi zaure ya sani. Wato bawan Allah nan karatun da ya haddace tun yana yaro ne yake juyewa a takarda bayan shekaru masu yawa ba littafi ba malami, shi ya sa rubutun ya karkace. Yanzu takardun suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya.

Kuma bai tsaya nan ba, a shekarun 1930 ɗin dai gwamnati ta tura ma'aikata suna bi ƙauye ƙauye suna ɗaukan labari daga bakin tsofaffi, a Sapelo suka samu wata tattaɓa-kunnen Bilali mai suna Katie Brown, ta ba su labarin yanda kakanninta suke shimfiɗa 'yar tabarma suna salla da carbi, kuma wai akwai ranar da ake yin wani abu na shinkafa ana raba wa yara, sunanshi "saraka". Kai ma ka ji ai, sadaka ce kawai baki ya lanƙwasa. Zuriyar mutanen gaɓar nan su ake kira Gullah Geechee, suna da nasu harshen da nasu girkin shinkafar, don da ma saboda iya noman shinkafa aka fi neman mutanen Afirka ta Yamma a wannan yankin.

Na biyu Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro ta Senegal, shi ya yi shekaru yana neman ilimi kafin a kama shi a sauke shi Charleston a 1807. Ya gudu daga hannun ubangidan farko saboda mugunta, aka kama shi a Fayetteville ta Karolina ta Arewa aka kulle, sai ya dinga rubutun Larabci a bangon kurkuku, mutanen gari suna zuwa kallo kaman sun ga abun al'ajabi, a haka wani James Owen ya ɗauke shi. A 1831 ya rubuta tarihin kanshi da Larabci, kuma ka san da me ya buɗe? Da Tabaraka. Mutumin da ake cewa mallakin wani ne, ya fara da surar da ke cewa mulki duk a hannun Allah yake, ni dai ban ɗauka katsaham aka yi ba. Iyayen gidanshi sun ce ya koma Kirista kuma yana zuwa coci, masu tarihi har yau suna ja a kai saboda irin abun da ya ci gaba da rubutawa. Ya mutu yana bawa, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya sayi rubutun a 2017, kuma akwai masallaci a Fayetteville da sunanshi.

In abokin naka bai ƙoshi ba ka ƙara mishi da Muhammad Ali ɗan Sa'id na Kukawa ta Borno, wanda aka fi sani da Nicholas Said. Shi bautarshi ta hamada ta bi, Tarabulus, Istanbul, har Rasha, ya shiga Amurka yana ɗa, ya yi soja a runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, bayan yaƙi ya koyar a makarantun baƙaƙen fata a kudu, ya buga littafin rayuwarshi a Memphis a 1873.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne sojojin Amurka sun taɓa amfani da raƙuma? Yarona ne ya zo min da zancen na ce ƙarya ne, ni dai dawaki na sani a fim ɗin kaboyi. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya a ba yaro haƙuri, bai yi ƙarya ba. Bayan yaƙinsu da Meksiko Amurka ta samu ƙasa mai faɗi a kudu maso yamma, yawanci hamada ce ba ruwa, alfadarai suna ta galabaita a hanya, sai a 1855 majalisa ta ware dala 30,000 a sayo raƙuma, lokacin Jefferson Davis ne sakataren yaƙi, shi ɗin dai da ya zo ya zama shugaban 'yan awaren kudu daga baya. Aka tura jirgin ruwa ya zaga su Tunis, Masar da Izmir, a 1856 aka sauke raƙuma talatin da 'yan kai a Indianola ta Teksas aka wuce da su sansanin soja na Camp Verde, shekarar da ta biyo aka ƙaro wasu kusan arba'in.

Kuma fa raƙuman sun yi aiki, a 1857 wani jami'i Edward Beale ya tafi da su auna hanya har kogin Kolorado, suna ɗaukan kayan da ya fi ƙarfin alfadari suna cin ƙayar da ba dabbar da ke kallo. Sojojin ne dai ba su so, warin raƙumi yana firgita dawaki da alfadarai, ga shi ba su iya ɗaura mishi kaya ba, kin san kuma raƙumi ba ya mantuwa in aka zalunce shi. Yaƙin basasa na ɓarkewa a 1861 magana ta watse, aka yi gwanjon wasu, wasu suka shiga daji, shekaru da yawa mutanen Arizona suna ba da labarin sun ga raƙumi a jeji ana musu kallon masu tatsuniya.

Cikin masu jan raƙuman da aka taho da su akwai Haji Ali, Turawa suka kasa faɗin sunan suka mai da shi Hi Jolly. Bai koma gida ba, ya yi dako ya yi haƙar ma'adinai, ya mutu a Quartzsite ta Arizona a 1902, a 1935 aka gina 'yar dala ta duwatsu a kan kabarinshi da raƙumin ƙarfe a sama, har yanzu matafiya suna tsayawa ɗaukan hoto.

TAMBAYA: Masallaci mafi daɗewa a Amurka a New York yake ko? Daga wani mai karatu.

AMSA: Kowa haka yake zato ɗan'uwa, amma in ana maganar waɗanda aka gina tun daga tushe da niyyar masallaci, sai ka nufi tsakiyar ƙasar inda sanyi ke kashe jiki. Wasu Larabawa daga yankin da yanzu ake kira Labanan, yawancinsu 'yan koli ne da farko suna yawo gida gida da kaya, suka ji dokar 1862 da ke ba mutum fili eka 160 in ya zauna ya noma shi shekara biyar, suka tare a kusa da wani ɗan ƙauye Ross a Dakota ta Arewa, a 1929 suka gina masallacinsu, ɗan gajeren gini ne rabinshi a cikin ƙasa. Yara suka watse birni, ginin ya lalace aka rushe shi a shekarun 1970, sai a 2005 zuriyarsu suka sake tada wani ɗan ƙarami mai kubba kusa da maƙabartar iyayensu, a tsakiyar gonaki. Wanda yake tsaye da ginin shi na asali kuwa shi ne na Cedar Rapids a jihar Ayowa, an gama shi a 1934, suna ce mishi Uwar Masallatai.