"In ji", "wai" da "raddi": amsoshin tambayoyinku kan ɗauko maganar wani da mayar da amsa

Tambayoyin da suka taru a wannan karon sun karkata ne ga yadda Bahaushe yake ɗauko maganar wani ya kai ta gaba, da kuma yadda yake mayar da amsa idan aka yi masa magana. Na zaɓi huɗu daga cikinsu.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, mene ne bambancin a ce 'in ji wane' da a ce 'wai wane ya ce'? Na ga mutane suna musanya su kamar abu ɗaya ne."

Ba abu ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta haɗa mutum faɗa da maƙwabcinsa. "In ji" jingina magana ce ga mai ita. Idan na ce, "Ba za a raba taki ba sai bayan salla, in ji mai unguwa," na nuna bakin da maganar ta fito, kuma na ɗauki alhakin cewa haka ya faɗa, ta yadda idan aka je aka tambaye shi ya musanta, ni za a kama. Sigarta ba ta sauyawa da sauyawar lokaci, ko jiya aka yi maganar ko bara, sai dai a ce in ji shi, in ji ta, in ji su. Daga gare ta ne muka sami gajeriyar tambayar nan mai tsayar da mai kawo labari, wato "In ji wa?" A rubutu kuwa kalmomi biyu ne, domin idan aka haɗe su aka rubuta "inji", an koma maganar injin niƙa.

Karin maganarmu ma sun nuna nauyin wannan jinginawa. Dubi "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya." Kashin farko magana ce da kowa yake faɗa idan abu bai dame shi ba, amma da zarar an ambaci mai faɗar, sai ta zama musun wanda aka tuhuma da satar abin sawa a ka. Haka nan "Allah suturi buƙui, in ji kishiyar mai doro." Wanda ya ji kashin farko kaɗai zai ɗauka addu'a ce, sai ya san bakin da ta fito sannan zai gane habaici ne. Ke nan, sunan mai magana wani yanki ne na ma'anar maganar, kuma wanda ya cire shi ya rage wa mai sauraro abin da zai auna ta da shi.

"Wai" kuwa nisanta kai ce. Mai cewa, "Wai ba za a raba taki ba sai bayan salla," yana gaya maka cewa ji ya yi, bai tabbatar ba, kada ka riƙe shi. Wani lokaci ma takan ɗauki shakka ko raini, kamar a ce, "Wai shi ne zai gyara mana rijiyar." Saboda haka rashin ladabi ne ka sa "wai" a gaban maganar da ka ji da kunnenka daga bakin dattijo ko malami, domin idan ta koma masa, zai ji kamar ƙaryata shi ka yi. Tana da wasu ayyukan da ba su shafi wannan ba, kamar buɗe tambaya a "Wai ina yaran suka shiga?" ko gabatar da suna a "wani ƙauye wai shi kaza".

Kada ɗalibinmu ya ɗauka cewa "wai" kalmar banza ce. Idan da gaske ji kawai ka yi, faɗinta gaskiya ce, kuma ta fi a ɓoye ta. Ɓarnar tana faruwa ne idan ta faɗi a hanya: na farko ya ce "wai", na biyu ya ce "an ce", na uku ya ce "in ji mai unguwa", alhali mai unguwa bai san an yi ba. Ta haka jita-jita take samun uba. Illarta ta biyu ita ce mutum ya mayar da ita mafaka, kullum yana zuba labari a bayanta. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya kira kalmar Larabci "za'amu", wadda take daidai da "wai" ɗinmu, mummunan abin hawa ga mutum. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan hijira, ya ce isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito magana, yana cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu na zaure sun gaji wannan taka-tsantsan, shi ya sa idan suka kawo hadisi da ma'ana ba da lafazi ba sukan rufe da "au kama ƙala", wato ko kamar yadda ya faɗa, kuma a littattafai ana rubuta "intaha" a daidai inda maganar da aka ɗauko ta ƙare. A rubutun boko, alamar buɗe zance da rufe zance ita ce take wannan aiki, don haka bai halatta a saka a cikinta abin da ba lafazin mai maganar ba ne.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya: "Malam, wata ta kawo mini maganar da ta ɓata tsakanina da 'yar'uwata, da na tuhume ta sai ta ce, 'Ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni.' Shin wannan karin magana yana wanke mai kai magana?"

Malama, hoton da ke cikin karin maganar na farauta ne: wani ya kashe zomo, ya miƙa wa wani ya rataya, sai aka ga zomon a kafaɗar wanda bai yi kisan ba. Ana faɗarsa idan aka ɗora wa mutum laifin abin da wani ya ƙulla. Yana wanke ɗan aike na gaskiya, wanda aka kira aka ba shi saƙo, ya kai shi yadda aka ba shi, ya kuma faɗi wanda ya aiko shi. Amma wadda ba wanda ya aike ta, ta tsinci magana a wani gida ta kawo wani, ita ta miƙa kafaɗarta da kanta, kuma sunan aikinta annamimanci. Muslim ya kawo hadisi a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ke ma da aka kawo wa, akwai naki nauyin, domin aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma Hausawa sun ce in mai faɗar magana wawa ne, majiyinta ba wawa ba ne.

Abin da na fi jiye miki tsoro shi ne guntule magana, domin ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa. A ce a taron ƙungiya ma'aji ya miƙe ya ce, "Ba zan fitar da kuɗin nan ba sai an kawo takardar shaidar aikin." Wani ya fita ya ce, "Ma'aji ya ce ba zai fitar da kuɗin ba." Duk kalmomin na ma'aji ne, har mai kai maganar zai iya rantsuwa a kansu, amma ya yanke sharaɗin da ya mayar da maganar ta mai amana, ya bar ta ta zama ta mai taurin kai. Almajirai sun san misalin wanda ya karanta "kada ku kusanci salla" a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ya tsaya, bai ƙarasa da "alhali kuna cikin maye" ba. Shawarata ita ce ki je ki ji daga bakin 'yar'uwarki tun daga farkon maganar har ƙarshenta, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Tambaya ta uku gajeriya ce, daga wani mai karatu a Katsina, kan ma'anar "ban tari numfashinka ba". Mai magana yakan ɗan tsaya ya ja numfashi kafin ya ci gaba, to wanda ya shigo a wannan gaɓar ya tare shi ke nan. Faɗin "ban tari numfashinka ba", ko "ba na katse maka hanzari ba", amincewa ce cewa fagen na mai magana ne, aro kake nema. Saboda haka wanda ya faɗe ta sai ya taƙaita, ya tsaya a kan batun da ake ciki, ya mayar wa mai ita. Tsakanin yaro da babba kuwa, abin da ya fi kyau shi ne a jira babban ya kai aya.

Ta ƙarshe daga Kano take: "Ranka ya daɗe, ina jin ana cewa amsa, jawabi, martani da raddi. Duk ɗaya ne?"

Amsa ita ce uwa, domin ta game kowane irin mayarwa: amsa kira, amsa sallama, amsa tambaya, kuma daga tushenta ne aka sami amshi na waƙa da 'yan amshi. Jawabi daga Larabci yake, inda asalinsa yake nufin amsa, amma a bakinmu ya koma bayanin da ake yi a gaban taro, kamar jawabin maraba. Martani kusan kullum da "mayar da" yake tafiya, kuma yana nuna cewa an taɓa mutum ne ya rama, da baki ko da aiki. Ya bambanta da "mayar da magana", wanda laifi ne da ake kama yaro da shi idan babba yana yi masa faɗa yana tanka masa.

Raddi ma Balarabiyar kalma ce, ma'anarta ta asali mayarwa. Daga tushenta ne aka yi umarnin da ke aya ta 86 a Suratun Nisa'i, cewa idan aka gaishe ku, ku amsa da abin da ya fi kyau ko ku mayar da kwatankwacinta. Mu kuwa mun taƙaita ta ga rushe hujjar wani, musamman tsakanin malamai, har ta kai wasu suna ɗauka cewa raddi da cin mutunci abu ɗaya ne. Wannan yana damuna ƙwarai, domin muna da gado mafi kyau. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno ya rubuta wa jagororin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tuhumar hujjarsu ta yaƙar Borno, Muhammadu Bello ya kwafo wasiƙar tasa a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, sannan ya bi ta da amsa. Saɓanin ya kai ga zubar da jini, amma duk da haka mai karatu a yau yana iya jin hujjar Elkanemi da lafazinsa a cikin littafin abokin jayayyarsa, ya auna ɓangarorin biyu da kansa. Sharaɗin raddi na farko ke nan: ka kawo maganar mutum cikakkiya, yadda in ya ji zai ce lalle haka na faɗa, sannan ka amsa abin da ya faɗa ɗin, ka bar asalinsa da iyalinsa da abin da kake zaton yana cikin zuciyarsa. Idan aka yi haka, wanda aka yi wa gyara yana da damar karɓa ba tare da jin kunya ba, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Habaici da gugar zana ba sa cikin raddi, ko da mai yinsu ya kira su da wannan suna. Mai habaici ba ya ambaton wanda yake nufi, ba ya kawo maganarsa, yana jira ne wani ya tsargu a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan yana da gurbinsa a waƙa da wasan tsakanin taubasai, amma a majalisar da ake neman warware mas'ala yakan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, wanda ake nufin kuma ba a ba shi abin da zai amsa ba. Mai tambaya, idan kana da ja a kan maganar wani a irin wannan zama, ka fuskance shi ka ce, "Malam, in na fahimce ka daidai, cewa ka yi kaza," ka saurara ya gaskata ko ya gyara, sannan ka kawo taka hujjar.