Zazzaɓin Kwarin Rift: a wane iyali yake, kuma me ya haɗa shi da Lassa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen kiwon lafiya a Tahoua. Littafin da na gada wurin yayana ya ce ƙwayar zazzaɓin Kwarin Rift tana cikin iyalin Bunyaviridae, malaminmu kuma ya rubuta mana Phenuiviridae a allo. Wanne ne daidai? Kuma da gaske ne 'yar uwar Lassa ce?

Amsa: Ƙanena, littafin bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. A jarrabawa ka rubuta abin da malaminka ya faɗa.

Da can, Bunyaviridae iyali guda ne mai jinsi biyar: Orthobunyavirus, Phlebovirus, Nairovirus, Hantavirus da Tospovirus. Na ƙarshen ma tsiro yake kamawa, irin su tumatir da albasa. Da na'urorin karanta ƙwayoyin halitta suka yawaita, sai aka yi ta gano sababbin ƙwayoyi a jikin ƙwari da kaska, har gida ya cika ya batse. A 2017 kwamitin duniya mai raba wa waɗannan ƙwayoyi suna, wato ICTV, ya yi abin da magidanta ke yi idan gandu ya yi girma: aka raba, kowa ya ja nasa iyali, amma kakan ɗaya ne. Tsohon iyalin ya zama rukunin Bunyavirales. Ƙwayar Kwarin Rift ta faɗa iyalin Phenuiviridae, jinsinta na Phlebovirus bai sauya ba. Ta zazzaɓin Kirimiya-Kwango ta koma Nairoviridae, na jinsin Hantavirus, waɗanda ɓeraye ke ɗauke da su, suka zama Hantaviridae. Daga baya aka shigo da Arenaviridae, iyalin Lassa, cikin rukunin. A 2024 kuma aka sake ɗaga rukunin zuwa aji, Bunyaviricetes, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ga wani sunan a sabon littafi.

Ba da alamun ciwo ake wannan rabo ba, ba kuma da dabbar da ke ɗauke da cutar ba. Cikin ƙwayar ake dubawa. Dukansu RNA gare su, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gadon ƙwayar, a yanke gunduwa-gunduwa, cikin riga ta kitse. Ta Kwarin Rift gunduwa uku ce, babba da matsakaiciya da ƙarama, waɗanda ake kira L, M da S. Ta Lassa biyu ce. To zumunci akwai, amma na nesa. Rigar kitsen nan ita ce lagonsu, shi ya sa sabulu da ruwan jabel da tafasa ke kashe su.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne nan: dangantaka ba ta gaya maka ta wace ƙofa cuta za ta shigo. Lassa, wadda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, fitsari da kashin ɓera ne ke kai ta cikin abinci. Kirimiya-Kwango kaska ce ke kawo ta. Su biyun suna tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinya, kuma sun sha kashe ma'aikatan asibiti. Kwarin Rift kuwa, wadda aka fara bayyanawa a 1931 a garken tumaki a Kenya, ba a taɓa tabbatar da ta bi daga mutum zuwa mutum ba. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin bisashe. Ƙwan sauron Aedes na iya kwanciya a busasshen tabki da cutar a ciki, sai damina mai ƙarfi ta cika tabkin ya ƙyanƙyashe. Mutum galibi hannunsa ne ke jawo masa: makiyayin da ya zura hannu ya jawo ɗan tunkiyar da ta yi ɓari, mahaucin da jini ya fantsamo masa yana fiɗa da yanka a yatsa, uwargidan da ta ba yara madara ba a tafasa ba.

Abin da ya faru ke nan a jaharku a daminar 2016, a yankunan Cintabaraden da Tasara, ana dab da bikin lasar gishiri na Ingal. Cibiyar Pasteur ta Dakar ce ta tabbatar da cutar a gwajin jini, kuma mutum sama da 30 suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Yawancin waɗanda cutar ke kamawa zazzaɓi da ciwon kai da na gaɓoɓi ne kawai, kamar na cizon sauro, shi ya sa ake ɓata lokaci ana ba da maganin da ba nasa ba. Kaɗan ne take taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta sa zubar jini, kuma cikin masu zubar jinin kusan rabi ba sa tashi.

A ganina, ma'aikacin lafiya a Azawak, yankin makiyaya na arewacin Tahoua, da bai tambayi majinyaci labarin garkensa ba bai gama aunawa ba. In ya ce maka tumaki na ta ɓari, 'yan raguna sababbin haihuwa na mutuwa bi da bi, ka sanar da likitan dabbobi da shugabanninka a ranar. Allurar rigakafi ta dabbobi akwai, ta mutane kuwa har yanzu babu wadda aka ba izinin yi wa jama'a.